Mai gidan wanka ya ce kwata ta gwamnati ce: me doka ta ce kan sakin ruwan ba-haya a cikin unguwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a cikin birnin Kano. Akwai wani gidan wanka da ba-haya na kuɗi a bakin layinmu, a bayansa kuma an gina gidajen haya masu bene. Duk daren da aka yi ruwan sama sai su buɗe sokawe su sako mana shi cikin kwata. Da safe ba a iya zama a ƙofar gida. Tun shigowar damina yara suke ta gudawa, ɗaya har sai da aka kwantar da shi, rijiyar masallacinmu ma ta fara wari. Mun je da mai unguwa, mai gidan wankan ya ce kwata ta gwamnati ce, yana biyan haraji, ya nuna mana takarda mai hatimi, ya kuma ce ai ruwa mai gudu ba ya ɗaukar dauɗa. Matasa sun ce za su toshe bututun da siminti cikin dare. Don Allah akwai dokar da ta hana wannan? Wa za mu kai wa ƙara? Muna tsoron kada mu rasa yaro.

AMSA

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya ba yaran lafiya, ya kuma saka maka da alheri da ka tsaya wa unguwarku.

Kafin mu shiga batun doka, a rufe rijiyar nan yau, kada a jira gobe. Ruwa ba ya tsami banza. Kada a sha, kada a yi alwala da shi, kada a wanke kwanuka. Duk ruwan da za a sha a layin a tafasa shi ko a sa masa kilorin yadda ma'aikatan lafiya suka tsara. Yaron da gudawarsa ta koma fara tsululu kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari a kan hanya a nufi asibiti da shi, domin kwalara kan iya kashe mutum cikin sa'o'i. Shari'a tana da jinkiri, cuta ba ta da shi.

Amsar tambayarka ta farko ita ce e, akwai doka, ba ma ɗaya ba. A matakin tarayya akwai hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa da dokar 2007, wadda ta gaji hukumar FEPA da gwamnatin soja ta kafa a 1988 bayan badaƙalar dattin guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu. A ƙarƙashin dokar NESREA aka fitar da ƙa'idojin tsaftar muhalli da sarrafa shara na 2009, sai na kare ingancin ruwan sama-da-ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa na 2011. Abin da suka ginu a kai shi ne, wanda ya samar da gurɓataccen ruwa shi ke da alhakinsa, kuma ba ya da ikon sakinsa cikin magudanar jama'a ko rafi ba tare da an tace shi ba. Ga dokar laifuka ta Final Kod (Penal Code) da ake aiki da ita a Arewa, wadda ta mayar da gurɓata ruwan da jama'a ke amfani da shi, da duk abin da ke cutar da lafiyar maƙwabta baki ɗaya, laifin da ake gurfanar da mutum a kai. Ga kuma dokokin lafiyar jama'a da na tsafta na jiha, waɗanda duba-gari ke aiki da su kullum: su ba da notis, su sa wa'adi, in an ƙi su kai mutum gaban majistare ko kotun tafi-da-gidanka. Don haka ba rashin doka ne ke damun ku ba.

Amma bari in daɗe a kan maganar da mutumin nan ya gaya muku, domin ita ce nake cin karo da ita dare da rana, daga bakin mai gidan wanka, da mai otal, da mai makarantar kwana, har da mutanen da suka yi karatu mai zurfi. Wai ruwa mai gudu ba ya ɗaukar dauɗa, wai ruwan sama zai wanke, wai da zarar abu ya bar katangar gidana ya faɗa kwata ya zama na gwamnati. Wannan magana ta kashe mutane da yawa a ƙasar nan, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ta.

Gudu ba ya kashe ƙwayar cuta, ɗaukarta yake ya kai ta nesa. Gaskiya ne babban kogi yana iya gyara kansa a hankali idan ƙazantar da aka zuba kaɗan ce, ruwan yana da yawa, ga iska ga rana ga tafiya mai nisa. To ina kwatar layinku ta samu wannan? Ko rafin Jakara, wanda kwatocin rabin birni ke ƙarewa cikinsa, da rani kusan duk abin da ke gudu a cikinsa ruwan da ya fito daga gidaje ne da kasuwanni da mahauta. Ya ratsa gari, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su nufi dam ɗin Wasai a Minjibir. A bakin wannan ruwa ake noman latas da kabeji da alayyafo da karas, a wanke su a nan, a ɗaure a kawo kasuwa. Abin da mai gidan wankan ya saka da tsakar dare, yana iya dawo masa cikin kwanon salak ɗin 'ya'yansa. Ƙwan tsutsar ciki yana yin watanni da rai a cikin ƙasa. Tun 2011 ma'aikatan yaƙi da cutar shan inna suke ɗibar ruwan manyan magudanan Kano suna kai wa ɗakin gwaji don neman ƙwayar cutar. Da gudu yana kashe ta, da me za su je nema?

Zaɓen daren ruwan sama kuwa shi ne mafi muni a cikin lamarin. Suna yi ne don wari ya ɓace, kada a gane daga ina ya fito. Amma a daren nan ne kwata ke cika ta tumbatsa, ta shiga zaure, ta kwanta a tsakar gida inda yaro ke rarrafe. A lokacin ne ruwan ƙarƙashin ƙasa ke tasowa, rijiyoyi marasa zurfi su sha daga abin da ke kewaye da su. Ka fita da safe ka leƙa cikin kwatar layinku da kyau. Za ka ga siraran bututan ruwan famfo kwance cikin baƙin taɓo, wani ya tsage an naɗe shi da robar tayar keke, wani an haɗa shi da leda. Muddin akwai ruwa a ciki yana turowa waje, da sauƙi. Da zarar an ɗauke ruwa, bututun sai ya koma zuƙa, ya ja ruwan kwatar ciki ta wannan tsagar. Ranar da aka kawo ruwa, abin da zai fara zuba a bokitin matar gida ke nan, kuma a ido garau yake. A 2021 alƙaluman hukumar NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka sun nuna sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ta irin waɗannan hanyoyi cutar ke bi.

Akwai masu jingina wannan ɗabi'a da addini, su ce ai malamai sun ce ruwa ba ya najasa sai launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sauya. Wannan hukunci ne na tsarki, yana magana a kan ruwan da za ka yi alwala da shi. Bai ce ruwan ba ya ɗauke da cuta ba, bai kuma ba kowa izinin zuba najasa a ruwan mutane ba. Ballantana ruwan kwata, wanda duka ukun sun sauya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ke tsaye. Ya yi gargaɗi a kan abubuwa uku masu jawo tsinuwa: yin ba-haya a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Mai sakin sokawe cikin layi ya haɗa biyun farko a dare ɗaya, ba kuma na mutum ɗaya ba, na ɗaruruwan mutanen da suka biya shi kuɗi. Hadisin "babu cuta, babu cutarwa" yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ake karantawa a zaurukan garin nan. Ina mamakin mutumin da zai kiyaye sahun farko a masallaci, sannan ya koma ya zare tsumman da ya toshe bututu da shi, najasa ta gangara rijiyar masallacin. Haƙƙin maƙwabci ne wannan, kuma ana tambaya a kansa ranar gobe.

Sai 'yan damfara da suka samu kasuwa a kan wannan jahilci. Ana yawo da wani ruwa a jarka ko gari a leda, wai in ka zuba a shadda zai narkar da komai ya koma ruwa mai tsabta, sai ka saki abinka. Wasu kalanzir suke zubawa, wasu baƙin mai, wasu Izal. Babu ɗaya daga cikinsu da ke mayar da ba-haya abin da za a saka a kwata. Wari kawai suke dannewa, su kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da dattin a cikin ramin, su ƙara wa ruwan ƙasa guba. Ko sokawen da aka gina bisa ƙa'ida, aikinsa ya tare kauri a ƙasa, ruwan saman ya tsiyaya cikin ƙasa a hankali, nesa da rijiya da kamar mita 30. Ruwan da ke fita daga cikinsa cike yake da ƙwayoyin cuta. Ba matatar ruwa ba ce.

Ta fuskar shari'a ma maganar ba ta da ƙafa. Kwatar da gwamnati ta gina ta ruwan sama ce. Kasancewarta ta gwamnati ita ce ma hujja a kansa, domin ya yi amfani da kayan jama'a ta hanyar da ba a gina shi dominta ba. Akwai tsohuwar ƙa'ida da kotunan Najeriya suka gada daga wata shari'a da aka yanke a Ingila a 1868, ta Rylands da Fletcher: wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa, abin ya kuɓuce ya yi wa wani ɓarna, shi zai biya, ko da bai yi sakaci ba. To ina ga wanda da hannunsa ya buɗe? Alhaki yana bin ruwan duk inda ya je.

Takardar da ya nuna muku, ku nemi ganinta a tsanake, ku ɗauki hotonta. A irin waɗannan rigingimu, abin da ake zarowa daga aljihu kusan kullum rasit ne na harajin sana'a ko na rajistar wurin kasuwanci. Wannan shaida ce cewa ya biya kuɗin shiga. Ba ta soke dokar tsafta ba. Ko da wani ma'aikaci ne ya rubuta masa da hannunsa cewa ya saki najasa a kwata, takardar banza ce, ma'aikacin ma ya jawo wa kansa tuhuma. Izinin sakin ruwa na gaskiya yana zuwa da sharuɗɗa: a tace, a gwada, a ajiye sakamakon gwajin, kada abin da ke fita ya wuce ma'aunin da aka sa. Wanda ke da irin wannan izini ba ya jiran duhun dare.

Yanzu wa za ku kai wa? A nan ne za ku sha wahala, gara in gaya maka tun yanzu. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma samarwa da kula da bandakunan jama'a, da kwashe najasa da shara. Jiha tana da ma'aikatar muhalli, da hukumar REMASAB mai kula da shara da tsafta, da hukumar KNUPDA mai ba da izinin gini. Tarayya tana da NESREA, mai ofishi a jihohi. Yawan masu alhaki shi ke sa kowa ya samu wanda zai tura wa. Na sha raka mutane wani ofishi a ce ba huruminmu ba ne, a je na gaba a ce oga ya fita, a koma a ce babu man mota da za a je dubawa, sai in za ku sa. Mutum ya zo da hoton ɗansa a gadon asibiti, a tambaye shi ko ya zo da fayil. Maganin wannan shi ne rubutu. Koken baki iska ne. Ku rubuta takarda ɗaya da sunan ƙungiya, mai unguwa da dagaci su sa hannu, ku kai wa shugaban sashen lafiya da duba-gari na ƙaramar hukuma, ku ba ma'aikatar muhalli da NESREA kwafi, kowane ofishi ya buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku kwafin. Ku ambaci gidajen hayar nan ma, ku nemi hukumar tsara birni, wato KNUPDA, ta duba ko zanen ginin da ta amince da shi yana da bututu mai fita kwata.

Ga wata ƙofa da mutane ba su cika sani ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan ɓarkewar cututtuka. Ku sanar da shi cewa yara da dama a layi ɗaya suna gudawa kuma rijiya ta gurɓace. Rahoton da ya shafi kwalara ba ya kwana a kan tebur kamar koken wari.

Ku tara hujja kamar gobe za a shiga kotu. Bidiyon bututun yana zuba, wanda ke nuna katangar da ya fito da kuma rana da lokaci. Katin asibitin kowane yaro da rasit ɗin magani. Gwajin ruwan rijiya, wanda ya fi kyau jami'in gwamnati ne zai ɗiba da kansa, a kwalba mai tsabta, a sa a ƙanƙara a kai ɗakin gwaji cikin 'yan sa'o'i. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya bai yarda a samu ƙwayar E. coli, wadda ke nuna ba-haya ya shiga ruwa, ko ɗaya a cikin mililita 100 ba. Ruwan da kuka ɗebo a gorar lemo ya kwana a ɗaki, lauyan wancan ɓangaren zai yi watsi da shi cikin minti ɗaya.

Idan hukumomi suka yi shiru, kotu a buɗe take. A da sai an bi ta hannun babban lauyan gwamnati kafin a yi ƙarar abin da ya dami jama'a baki ɗaya. Kotun Ƙoli ta kawar da wannan shinge a 1991 a shari'ar Adediran da kamfanin Interland Transport, inda mazauna wata unguwa a Legas suka yi ƙarar kamfanin da manyan motocinsa suka addabe su. A 2018 kuma, a ƙarar da ƙungiyar Centre for Oil Pollution Watch ta shigar da NNPC, kotun ta faɗaɗa damar ƙungiyoyi su tsaya wa jama'a a kan gurɓatar muhalli. Abin da za ku fara nema shi ne umarnin dakatarwa na wucin gadi, a hana sakin ruwan tun kafin a gama shari'a, diyya ta biyo baya. In kuma hukuma za ku haɗa a ƙarar don a tilasta mata yin aikinta, lauyanku ya kula da abu biyu: yawancin hukumomi sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a maka su, sannan dokar kare jami'an gwamnati ta sa wa'adin wata 3 na shigar da ƙara, sai dai in cutarwar tana ci gaba. Shari'o'i masu kyau da yawa a nan suke mutuwa tun ba a saurari shaida ba.

Hukuncin da ke cikin dokokin, a ganina, ya yi kaɗan. Sashe na 27 na dokar NESREA, wanda ya fi shafar masu sakin abubuwa masu guba irin na masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa, a yadda aka rubuta shi a 2007 ya tanadi tarar da ba ta wuce naira miliyan 1 ba ko ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, kamfani kuma a ƙara masa naira 50,000 a kowace ranar da laifin ya ci gaba. An yi wa dokar gyara a 2018, amma darajar naira ta riga ta cinye irin waɗannan tarori. Abin da mai gidan wanka ke tsoro da gaske shi ne a garƙame masa wuri, kwana biyu babu ciniki. Shi za ku nema.

Adalci ne in faɗi cewa gwamnati ma tana da nata kason. Sashe na 20 na tsarin mulki ya ce ƙasa za ta kare ruwa da iska da ƙasa, amma yana cikin babin da ba a iya yin ƙara a kansa kai tsaye, sai an haɗa shi da haƙƙin rayuwa na sashe na 33 da sashe na 24 na yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka. Birni kamar Kano, mai miliyoyin mutane, ba shi da babban bututun najasa da ya game gari ya kai matata. Abuja ce ke da matata irin ta Wupa, ita ma ba duk unguwanni ta haɗa ba. Wannan abin kunya ne, kuma ya kamata ku riƙa tambayar duk mai neman ƙuri'arku a kai. Sai dai bai wanke maƙwabcinku ba. Inda babu matata, abin da ke kansa shi ne ya kira motar kwasar ba-haya ko 'yan gidan-kowa-da-akwai ya biya su. Kuɗin kwasar nan yake gudu, ya mayar da shi kuɗin asibiti a kanku.

Matasanku kuma ka riƙe su da kyau. Na fahimci zafin zuciyarsu, amma ranar da suka taɓa bututun nan da siminti, labari ya juya. Shi zai riga ku zuwa wurin 'yan sanda da ƙarar shiga wuri ba izini da ɓarnata dukiya, ku da kuke da gaskiya ku koma neman beli. Najasar kuma ba ta ɓace ba, za ta nemi wata hanya, watakila ta cikin gidan wani. Ƙarfin nan nasu a sa shi a ɗaukar bidiyo da zagayawa karɓar sa hannu.

Da alama in ya ga takarda mai hatimi uku da duba-gari a ƙofarsa zai nemi sulhu, ya turo dattawa. Ku karɓa, sulhu alheri ne, amma a rubuce, a gaban dagaci da jami'in tsafta. A cire bututun gaba ɗaya a liƙe ramin da kankare a gaban idon jami'in, toshewa da tsumma ba ta wadatar ba. A rubuta duk bayan wane lokaci za a kwashe ramin, da wanda zai biya kuɗin yashe rijiya da sa mata magani da sake gwada ta. A kuma sa sharaɗin cewa duk kwasar da aka yi zai nuna wa ƙungiya shaidar inda motar ta juye, kuma ya zama wurin da hukuma ta ware. Akwai direbobin da ke karɓar kuɗin kwasa su zagaya bayan gari su buɗe tankin a rafi ko a kududdufi, mutanen wata unguwar su sha abin da kuka tsira daga gare shi.